Risala a Kan Allunan Alƙaluma da Hukuncin Wanda Ya Ajiye Saba a Dabai

Ka sani, ya kai mai neman sani, alƙaluma iri biyu ne: akwai waɗanda aka rubuta, akwai kuma waɗanda aka ce za a rubuta in an dawo daga gona. Wannan risala a kan na farkon take, duk da cewa na biyun sun fi yawa.

Abin da masana ke kira allon alƙaluma shi ne fuskar kwamfuta guda da aka tara wa zane-zane: ginshiƙai dogaye da gajeru, layi mai hawa da gangara, da'irar da aka yayyanka, da wata ƙatuwar lamba a kusurwa, domin shugaba ya duba sau ɗaya ya gyaɗa kai. Asalin wannan fanni tsoho ne. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da zanen ginshiƙai a 1786, ya ƙara da da'ira mai yanka a 1801. Likita John Snow ya ɗiga mamatan kwalara a kan taswirar wata unguwar Landan a 1854, sai ɗigon suka taru a gindin famfo guda. Florence Nightingale ta zana wa hukumar Ingila a 1858 cewa cuta ta fi harsashi cin sojojinta a yaƙin Kirimiya. Dukansu da tawada da takarda suka yi aiki, kuma babu ruwayar da ta nuna an taɓa ɗauke wa ɗayansu wuta yana tsakiyar zane.

Amma bayan haka, manhajojin da ke yin wannan aiki a yau sun kasu gida biyu. Akwai na haya, irin su Power BI na Microsoft da Tableau, wanda kamfanin Salesforce ya saya a 2019 kan dala biliyan 15.7. Waɗannan ana biyan su ne kai-kai, wata-wata, kuma wanda ya sayi abu a wannan farashi ba don ya raba sadaka ya saya ba. Sai masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta, ya leƙa cikinsu, ya girka a kan kwamfutarsa ta gida, wadda daga ranar za a daina kiranta kwamfuta a koma kiranta saba. A kan waɗannan muke magana, kuma mun zaɓi Dabai ta zama wurin gwaji, ɗaya daga cikin yankuna biyar na masarautar Zuru tare da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, saboda duk hukuncin da ya tsaya a nan zai tsaya a ko'ina.

Masu goyon bayan ajiye saba a gida suna da hujjoji uku, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko dala, wadda tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba ta sake komawa inda take ba. Ta biyu sirri, domin tun wancan watan akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma sunan mai ciki da lambar wayar manomi ba kayan da za a ɗora a kan na'urar da ba a san garinta ba ne. Ta uku intanet. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, wadda ke iyaka da ƙasar Zuru, kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi tsit. Wanda allonsa ke cikin ofishinsa a irin waɗannan ranaku yana iya ci gaba da kallonsa, ko da babu sabon abin da ya shiga ciki.

Idan aka ce, to ai kyauta ce, me ake jira? Sai mu ce mutumin Dabai ya fi kowa sanin amsar, domin a al'adar Dakarkari akwai golmo. Saurayi ba ya zube tulin kuɗi a gaban surukinsa, amma zai yi shekara bakwai yana noma masa gona tare da sa'o'insa. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe haka take: ba a karɓi sisinka ba, sai dai kai ne mai sharar gona, kai ne mai huɗa, kai ne mai sabuntawa duk sanda aka fitar da sabon zubi, kai ne mai kwafin ajiya. Bambancin kawai shi ne golmo yana da ranar gamawa, ana kuma yin biki.

Mazhaba ta farko ita ce ta Grafana. Wani ɗan Suwidin mai suna Torkel Ödegaard ya fitar da ita a Janairun 2014, bayan ya yanko ta daga jikin wata manhaja da ake kira Kibana. Gwanintarta a kan abin da ke canzawa da lokaci ne, daƙiƙa bayan daƙiƙa: ƙarfin batir, zafin na'ura, tsayin ruwa a tanki. Ba ta da ci, domin masu ita sun ce megabait 512 na ƙwaƙwalwa ya ishe ta farawa, har a kan 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi mai girman tafin hannu tana tashi. Allonta baƙi ne, layukan kore da rawaya da ja, kuma an jarraba an gani cewa duk ofishin da aka kunna shi baƙo yakan rage murya in ya shigo.

Inda ta fi amfani a ƙasa irin tamu shi ne firjin rigakafi. Yawancin alluran rigakafi ana so su zauna tsakanin digiri 2 da 8. In aka saka ma'aunin zafi a cikin firjin, aka haɗa shi da rumbun bayanai irin InfluxDB ko Prometheus, Grafana za ta zana layin dare da rana, kuma da zarar ya haura 8 za ta aika gargaɗi. Tana aikawa ta imel, ta Telegram, ta Slack. Ba ta zo da hanyar WhatsApp a jikinta ba, wato ta san duk ƙofofin gari ban da wadda mutane ke shiga.

A nan akwai mas'ala mai zurfi. Idan aka ɗora Grafana ta riƙa lura da batiran sola, alhali ita kanta daga batiran take sha, to wa zai ba da labari ranar da suka ƙare? Wasu sun tafi a kan cewa shirunta shi ne labarin. Wasu suka ce a sayi saba ta biyu ta riƙa lura da ta farko, aka tambaye su wa zai lura da ta biyun, har yau ba su dawo ba. Magana mafi rinjaye ita ce a bar wa maigadi, tun da shi ne ke fara jin ƙarar inbata.

Aibinta shi ne ba ta son tambayar kasuwa. In sakataren ƙungiyar manoma yana son ya san buhun taki nawa aka raba wa kowace unguwa da wanda bai biya ba, Grafana za ta iya, tun da tana karanta PostgreSQL da MySQL, amma galibi sai an rubuta mata tambayar da harshen SQL, kuma za ta amsa tana ɓata rai.

Wannan tambaya ta Metabase ce. An sake ta ga jama'a a 2015, jagoranta Sameer Al-Sakran, daga San Faransisko. Da Java take aiki, kuma fayil ɗaya ce tak: a sauke, a buga umarni layi guda, a buɗe burauza, ga ta. An gina ta ne don mutumin da bai san SQL ba kuma ba ya da niyyar sani. Zai danna tebur, ya danna tacewa, ya danna a tara masa bisa unguwa, sai ginshiƙai su miƙe. Duk abin da aka nema a cikinta tambaya ake kiransa, ko da mai neman ya riga ya yanke amsar da yake so. A cikin duk manhajojin nan ita kaɗai na ga an ajiye a gaban ma'aji mai shekara sittin, ya gyara tabarau, ya gano da kansa cewa unguwar da ta fi kowa ƙorafi ita ta fi kowa karɓa.

Sai dai sauƙin nan akwai rami a ƙarƙashinsa. Metabase tana zuwa da wani ɗan rumbu na cikin gida mai suna H2, inda take adana tambayoyi da alluna da sunayen masu shiga. Masu ita da kansu sun rubuta ƙarara cewa kada a dogara da shi a aikin gaske, a koma PostgreSQL. Kowa yana karanta wannan gargaɗi, kowa yana cewa gobe. Fayil irin wannan yana iya lalacewa in wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa, kuma babban layin lantarkin ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai, ba a ma zo kan yankewar yau da kullum ba. Haka nan taswirar da take zuwa da ita ta jihohin Amurka ce da ta ƙasashen duniya. Mai son ganin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi sai ya nemo fayil ɗin iyakokinsu, irin wanda shirin GRID3 ke bayarwa, ya ɗora da hannunsa. Kafin nan Metabase ta san Nebraska, ba ta san Sakaba ba.

Ana kuma tunatar da almajiri cewa Grafana da Metabase duka ta ƙofa mai lamba 3000 suke buɗewa in ba a canza musu ba. Wanda ya girka su a saba ɗaya bai raba musu ƙofa ba, wadda ta riga tashi ita ce da gida, ɗayar kuwa ta mutu a zaure.

Ta uku Apache Superset, mazhabar manyan malamai. Maxime Beauchemin ya fara ta a kamfanin Airbnb a 2015. An fara kiranta Panoramix, aka koma Caravel, sannan Superset, ta shiga hannun gidauniyar Apache a 2017, ta zama cikakken shiri mai cin gashin kansa a Janairun 2021. Tana da nau'in zane fiye da 40, da ɗakin rubuta SQL, da tsarin da zai hana jami'in Mahuta ganin alƙaluman Dirin Daji in an so haka. Kusan babu abin da sauran ke yi da ba ta yi. Amma ba ta tafiya ita kaɗai: sai da rumbun PostgreSQL, da Redis, da ma'aikatan bayan fage da ake kira Celery, kowanne a akwatinsa na Docker, kowanne da cikinsa. Tsohuwar kwamfutar ofis da aka ɗaga wa daraja za ta yi ta huci kafin allon farko ya bayyana. Hukuncinmu a kanta shi ne ta dace da inda ake da ma'aikaci na dindindin da ɗalibai masu son wahala, kamar Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020. Ƙungiyar da duk bayananta ba su wuce layi dubu biyu ba, in ta girka Superset, ta yi abin da ba a hana ba, ba a kuma sa ta ba.

Redash kuwa, wadda Arik Fraimovich ya fara a 2013, mai tsabta ce ga wanda ya iya SQL. Kamfanin Databricks ya saye ta a 2020, aka rufe sashenta na haya a ƙarshen 2021, 'yan sa-kai suka ci gaba da riƙon ta. Wanda ya gaje ta ya riƙe, wanda bai fara ba kada ya fara. Kibana ma gajeren bayani gare ta: ba ta cin tuwon kowa sai na Elasticsearch. A Janairun 2021 kamfaninta ya canza lasisi, Amazon ta ɓalle da nata reshen mai suna OpenSearch Dashboards, a 2024 kamfanin ya sake dawo da lasisi buɗaɗɗe. Ita Grafana ma ta bar lasisin Apache ta koma AGPL a Afrilun 2021. Wannan saɓani ya cinye takardu masu yawa a Turai da Amurka, kuma an bincika ba a samu ya canza farashin masara a kasuwar Zuru ba.

Duk wannan lissafi an yi shi ne kamar Dabai ba ta taɓa shiga allo ba, alhali ta daɗe a ciki. Manhajar da ta shigar da ita ciki ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Nowe ke jagorantar ginawa. Tushenta a Afirka ta Kudu yake bayan faɗuwar mulkin wariya, zubinta na biyu ya fara aiki a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, kuma ita ce rumbun alƙaluman lafiya na Najeriya. Ita ma buɗaɗɗiya ce, ita ma a gida aka ajiye ta, sai dai gidan na ƙasa ne baki ɗaya.

Ga yadda lamba ke isa can. Ƙarshen wata ya zo. Ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibiti ta jawo manyan rajistoci, na awon ciki daban, na rigakafi daban, na masu zazzaɓi daban, kowanne in an buɗe shi ya cinye tebur. Tana bin layi da bakin biro tana ƙirgawa a hankali, in ta kai biyar ta ja karan tsaye huɗu ta gicciye su da na biyar. Wani ya leƙo ya ce, “Sista, ga mai naƙuda,” ta ɗora biron a inda ta tsaya, ta fita. In ta dawo, iska ta juya shafin. Ta sake daga farko. Jimlar ta shiga fom ɗin wata, fom ya hau babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in tattara alƙaluma ya buga shi a DHIS2, sannan wani a Birnin Kebbi ko Abuja ya ga ginshiƙi ya miƙe, ya ce manhajar nan tana da kyau. Manhajar tana da kyau, gaskiya ne. Amma ni a ganina duk wanda zai kwatanta Superset da Metabase bai fara tambayar wa zai riƙe biron nan ba, ya fara karatu ne daga bangon baya.

Wannan ya kawo mu kan abubuwan da ke ɓata allo, kuma ba su bambanta tsakanin mazhabobi.

Na farko ma'auni. A ce ƙungiya tana son bin farashin dawa. Wakilinta na Zuru ya rubuta da mudu, wanda ya je Katsina ya rubuta da tiya, na Kano ya rubuta da kwano, na huɗu ya rubuta “buhu” bai ce wane buhu ba. Mudun ma akwai mai tozo, akwai shafaffe, akwai wanda aka bubbuga wa gindi. Manhaja za ta tara su duka, ta raba, ta fitar da matsakaici har da ɗigo da lamba biyu a bayansa, kuma ba za ta ji kunya ba.

Na biyu rubutu. Kwamfuta tana ɗaukar Dabai, da DABAI, da dabai, da Dabai mai ɗan fili a bayanta a matsayin garuruwa huɗu, kowanne da ginshiƙinsa. Riba da Ribah gari biyu ne a wurinta. Gyaɗa mai lanƙwasa da gyada marar lanƙwasa amfanin gona biyu ne, kuma an sha ganin ɗayar ta yi albarka a shekarar da ɗayar ta ƙi. Maganin wannan sananne ne: a hana mutane bugawa da hannu, a ba su jerin zaɓi a fom irin na KoboToolbox ko ODK, su taɓa kawai. Ba a cika yin haka ba, domin gyaran fom ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙi.

Na uku wuta da ƙura, kuma bayaninsu a bayyane yake. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, tayar da janareta domin a kalli da'ira ya zama abin da sai kwamiti ya zauna. In hunturu ya shigo, ƙura takan cika fankar saba, sai mai shara ya tausaya mata ya lulluɓe ta da zani, ta daina shan ƙura ta koma shan zafi.

Na huɗu kalmar sirri, kuma tana ɓata allo ta fuska biyu. Fuska ta farko a bar ta yadda ta zo. Grafana tana zuwa da admin a suna, admin a sirri. A Afrilun 2023 masu binciken tsaro suka duba sabobin Superset fiye da 3,000 da ke buɗe a intanet, suka tarar kusan biyu cikin uku ba a canza musu mabuɗin da suka zo da shi ba, wanda kowa ke iya karantawa. A Yulin shekarar aka gano wata ɓaraka a Metabase da ke ba baƙo damar sarrafa saba ba tare da ya shiga da suna ba, aka toshe ta a sabon zubi, ga wanda ya sabunta. Fuska ta biyu a canza ta da kyau, a ba mutum ɗaya. Mutumin nan a mafi yawan lokuta ɗan bautar ƙasa ne, kuma tun da aka kafa hukumarsu a 1973 wa'adinsu shekara ɗaya ne. Shi ya girka, shi ya gyara, shi ya san dalilin da ya sa ba a taɓa jar wayar nan. Ranar da ya karɓi takardarsa aka yi masa walima, aka ɗauki hoto. Bayan wata biyu sai shugaba ya sa a kira shi.

“Ɗana, injin nan naka yana neman wata kalma.”

“Ranka ya daɗe, ai na rubuta ta a bayan kalanda.”

“Wace kalanda?”

“Ta bara, Baba.”

Masana sun haɗu a kan cewa allon da ya kai wannan matsayi ba a yi masa gyara, sai dai a jira ɗan bautar ƙasa na gaba, wanda zai duba ya ce na baya bai iya ba, ya goge, ya girka wata mazhabar.

Saboda haka, in aka matsa mana mu yi hukunci: mai firji da batir da tanki ya ɗauki Grafana. Mai rajistar mambobi da bashi da taki ya ɗauki Metabase, ya ɗora ta a kan PostgreSQL tun ranar farko, ya riƙa kwafe rumbun a filas duk Juma'a, filas ɗin kuma ya kwana a wani gida. Ma'aikacin lafiya ya riga ya sami tasa, kada ya ƙara wa kansa. Wanda alƙalumansa ba su cika shafi uku ba ya buɗe LibreOffice Calc ya zana ginshiƙansa, babu wanda zai kama shi. Kalmar sirri kuma mutum biyu su san ta, ɗayansu ya zama wanda ke da gona a garin.

Saura mas'ala guda da aka aiko mana. Shugaba ba ya buɗe burauza. Abin da ake yi shi ne sakatare ya tsaya a gaban allo, ya ɗauki hotonsa da waya, har da inuwar kansa da hasken taga a jiki, ya tura a zauren WhatsApp na ƙungiya, mambobi su yi ta turo babban yatsa. Shin wannan hoto allon alƙaluma ne? Mutanen Grafana sun ce a'a, domin ba ya motsi. Mutanen Superset sun ce a'a, domin ba a iya tace shi. Mutanen Metabase sun ce ai da an tambaye su, suna da hanyar aika shi ta imel duk Litinin da safe, aka ce musu shugaba yana da imel, amma kalmar sirrinsa tana wurin yaron da ya buɗe masa. Abin da muka tafi a kai shi ne hoton ya wadatar, da sharaɗin a rubuta kwanan wata a ƙarƙashinsa, domin an samu wanda aka ɗauka kafin bikin Uhola yana yawo a zaure har faɗuwar damina, ana ta yi wa ƙungiya barka da farashin da ya riƙe wuri ɗaya.